Makarantar noma a gidan jami'a: me Arewacin Kamaru zai samu, me zai rasa?

Tun watan Janairun 2022 da aka kafa Jami'ar Garwa, kowanne daga cikin yankuna uku na Arewacin Kamaru ya samu jami'arsa. Adamawa na da ta Ngaundere tun 1993, Arewa Mai Nisa na da ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa ta cike gurbi. Da wannan ya tabbata, dole ido ya koma kan ƙananan makarantun da suka riga jami'o'in Marwa da Garwa zuwa duniya, waɗanda har yau suke hannun ma'aikatun gwamnati: kwalejin noma ta yanki da ke Marwa, makarantar koyon aikin gona ta Garwa, cibiyar horar da malaman dabbobi ta Marwa, da makarantar kula da namun daji ta Garwa wadda ta buɗe a 1970. Iyaye suna tambaya, kuma tambayarsu tana kan hanya: yaro ya shafe shekara biyu ko uku yana karatu, ya fito da takardar da ba ta buɗe masa ƙofar ƙarin ilimi, aikin gwamnatin da aka horar da shi dominsa kuma sai an yi sa'a. Me zai hana a zuba makarantun nan cikin jami'a, shi ma ya fito da digiri kamar ɗan kowa?

Ina tare da iyayen a kan cewa yaran nan sun cancanci hanyar ci gaba. Inda na rabu da su shi ne a kan maganin. An taɓa yin wannan haɗi a ƙasar nan, an yi shi a Najeriya, an yi shi a Cadi da Ingila, kuma abin da ya biyo baya a rubuce yake. Kusan ko'ina, karatun sama ya ƙaru, amma gonar makaranta da malamin gona mai zuwa ƙauye su ne suka fara jin jiki, sai dai inda aka yi musu katanga tun ranar farko.

Makarantun noma na farko a yankinmu ba don neman ilimi zalla aka gina su ba. Turawan mulkin mallaka suna son auduga da gyaɗa a arewa, koko da kofi a kudu, suna kuma bukatar mutumin da zai tsaya tsakanin baturen gona da manomi: wanda zai auna fili da igiya, ya raba iri, ya nuna tazarar shuka, ya rubuta abin da aka girbe. A farkon shekarun 1950 kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya kafa sansani a Kaele, kuma da irin waɗannan malaman gona ya shimfiɗa noman auduga a ƙasar da Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, ta gāda a 1974. Tsarin a rufe yake kamar zobe. Ma'aikata ce ke ƙidaya mutum nawa take bukata, ita ke ɗaukar ɗalibai, ita ke ciyar da su a makarantar kwana, ita ke ba su aiki ranar da suka gama. Aibinsa a fili yake, domin ilimin ƙunci ne, an yanka shi daidai da bukatar amfanin gona ɗaya, kuma wanda ya shiga a matsayin malamin gona yakan yi ritaya a matsayin malamin gona komai basirarsa. Amma yana da alheri guda wanda ba a san darajarsa ba sai da aka rasa shi: mai makarantar da mai ɗaukar aiki mutum ɗaya ne, saboda haka in ɗalibi ya fito bai iya aiki ba, wanda ya koyar da shi ne zai sha wahalarsa.

A matakin sama, Kamaru ta gaji tsarin Faransa, inda ba jami'a ce ke horar da injiniyan noma ba, manyan makarantu ne na musamman da ake shiga ta jarrabawar gasa, konkur. A 1960 aka buɗe babbar makarantar noma ta ƙasa a Nkolbisson, gefen Yawunde, wadda daga baya aka sani da ENSA. Bincike kuwa yana wasu gidaje daban, cibiyoyin da aka yi ta sauya musu suna har aka dunƙule su suka zama IRAD a 1996. Kai ilimi ga manomi kuma aikin ma'aikatar gona ne da kamfanoni irin su Sodecoton da SEMRY ta shinkafa a Yagwa. Abu uku ke nan a gida uku: koyarwa, bincike, da wayar da kan manoma, kowanne da ubangidansa da kasafin kuɗinsa.

Amurkawa sun bi wata hanya dabam tun ƙarni na 19. Dokar 1862 ta ba jihohi filaye domin su kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere, dokar 1887 ta haɗa musu tashoshin gwaji, ta 1914 kuma ta ɗora musu aikin malaman gona. Wato farfesan da ke koyar da ilimin ƙasa, da mai gwada iri, da wanda ke zuwa gonar manomi, duk 'yan gida ɗaya ne. Wannan tsari ne aka yi ta tallatawa a Afirka da Asiya bayan samun 'yancin kai, kuma shi ne ya sa kalmar haɗa makarantar noma da jami'a take da daɗin ji. Sai dai abin lura shi ne, a can, a jihohi da yawa, kwalejin noma ce ta girma ta zama jami'a, da filinta da kuɗinta da doka ta keɓe mata. Ba jami'a ce ta zo daga baya ta ɗauke ta ba.

Kamaru ta gwada wannan hanya da gaske. A 1977 gwamnati ta kafa cibiyoyin jami'a huɗu, kowacce da sana'arta: Buea ga harsuna da tafinta, Duwala ga kasuwanci da horar da malaman fasaha, Dschang ga noma, Ngaundere ga sarrafa abinci. A shekarun 1980 hukumar agajin Amurka ta zuba kuɗi a Dschang tare da Jami'ar Florida, da niyyar a mayar da ita jami'ar noma irin tasu. Aka gina ɗakunan gwaji, aka tura malamai karatu Amurka, aka kwaso ENSA daga Nkolbisson aka kai ta can, a 1988 kuma aka haɗa ta da makarantar horar da masu matsakaicin mataki suka zama cibiya guda, INADER. A Ngaundere kuma babbar makarantar masana'antun abinci ta fara karɓar ɗalibai a 1982, a Dang, kimanin kilomita 15 daga gari.

Sai 1993 ta zo, kuma a nan ne gizo yake saƙar. Jami'ar Yawunde, wadda ita kaɗai ce a ƙasar tun 1962, ta cika ta batse, ɗalibanta sun haura 40,000 a wurin da aka gina wa kaso kaɗan na wannan adadi, ga yajin ɗalibai, ga tattalin arziki ya durƙushe tun faɗuwar farashin man fetur da koko da kofi a tsakiyar shekarun 1980. A gefe guda kuma ga Dschang da Ngaundere da manyan gine-gine da ɗalibai 'yan kaɗan. Dokar 19 ga Janairun 1993 ta raba Yawunde biyu, ta ɗaga cibiyoyin nan huɗu suka zama cikakkun jami'o'i, jimilla shida. INADER ta koma tsangaya ɗaya a cikin Jami'ar Dschang, wadda ake kira FASA, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da tsangayar shari'a, da ta adabi, da ta tattalin arziki, da ta kimiyya. Makarantar Ngaundere ta zama ENSAI, ita ma da sababbin maƙwabta.

Duk wanda zai yi magana kan wannan batu ya riƙe wannan: ba domin noma aka yi haɗin 1993 ba. An yi shi ne domin a rage wa Yawunde nauyi. Makarantun noma su ne ke da fili da ɗakuna, sai aka sauke musu baƙi, baƙin kuma suka fi masu gida yawa cikin 'yan shekaru.

Lokacin ma bai yi daɗi ba. A shekarar aka soke alawus ɗin ɗalibai aka sa kuɗin rajista na sefa 50,000, a shekarar aka zabtare albashin ma'aikata har sau biyu, a watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, wanda ke nufin duk wani sinadari ko kayan gyaran tarakta da ake sayowa daga waje ya ninka kuɗi. Ɗaukar injiniyoyin noma aikin gwamnati kai tsaye ya riga ya tsaya. Zoben nan da na ambata ya karye ke nan daga ɓangarori biyu: makaranta ta bar hannun mai ɗaukar aiki, mai ɗaukar aikin kuma ya daina ɗauka.

Yadda abin ke faruwa a cikin jami'a ba ya bukatar mugun nufin kowa, lissafi ne kawai. Ɗaliban shari'a dubu ɗaya suna bukatar babban zaure, da malami, da abin ƙara murya. Ɗaliban noma ɗari suna bukatar fili da shinge, tarakta da man gas, iri da taki, shanu da abincinsu da maganinsu ko ana hutu ko ba a yi, ma'aikatan gona, motar fita ƙauye, da ɗakin gwaji mai wuta da ruwa. Dukansu kuwa kuɗin rajista ɗaya suke biya. Makarantar noma a cikin jami'a kamar amarya ce da ta shigo babban gida da gararta, aka zuba garar a rumbun gida, daga nan sai rabon tuwo ya koma bisa yawan 'ya'yan kowace ɗaki. In shugaban jami'a ya zauna da kuɗin da ba su isa ba, ga dubban ɗalibai na barazanar bore saboda rashin kujeru, ga shanun gonar gwaji da ba sa zanga-zanga, kowa ya san inda kuɗin za su tafi. Ko da an amince da kuɗin taki, sai takarda ta bi ofis-ofis, ta fito a watan Agusta, damina kuwa ba ta jiran sa hannun akanta.

Sai kuma batun ƙarin girma. A jami'a malami yana hawa ne da digirin digirgir da maƙalolin da ya wallafa a mujallun masana. Kwana arba'in da ya yi a gonakin manoma yana bin tsutsar da ke cin masara ba ya shiga lissafi sai ya zama maƙala da Faransanci ko Turanci. Tsohon malamin aikin hannu, wanda ya san yadda ake ɗaura wa shanun huɗa karkiya ba tare da an ji musu ciwo a wuya ba, wanda zai dubi ganyen auduga ya faɗa maka abin da ƙasar ta rasa, ba shi da gurbi a matakan jami'a. Yana nan har ya yi ritaya, ba a maye gurbinsa, darasinsa kuma ya koma abin da ake zanawa a allo. Wannan asara ba ta ihu, shi ya sa ba a ganinta sai bayan shekara goma ko ashirin.

Ƙofar shiga ma tana canzawa. Makarantar ma'aikata takan karɓi yaron da ya gama karatun sakandare na farko, ko wanda ya kai ƙarshe bai samu sakamako mai ƙarfi ba, kuma yawancinsu 'ya'yan manoma da makiyaya ne da suka tashi da fartanya ko sanda a hannu. Jami'a kuwa sai mai bakaloriya ta kimiyya, wato takardar kammala sakandare, sannan konkur na ƙasa baki ɗaya. A yankin da yara da yawa, musamman mata, ba sa kaiwa ƙarshen sakandare, ɗaga ƙofar yana nufin ɗan Mokolo ko Gidar ko Tibati da ya fi kowa sanin gona shi ne zai tsaya a waje.

Ba zan ɓoye ribar da aka samu ba, domin tana da yawa. Yau ɗan Kamaru yana yin digiri na biyu da na uku a fannin noma ba tare da ya bar ƙasa ba. Zama kusa da tsangayar kimiyya ya ba ɗalibin noma malaman sinadarai da lissafi da ilimin halittu waɗanda ƙaramar makaranta ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba. Waɗanda suka fito daga ENSAI suna aiki a masana'antun abinci da abin sha a faɗin ƙasa da maƙwabta. Kafin makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere ta fara aiki, duk mai son zama likitan dabbobi sai ya nufi Dakar ko wata ƙasa, alhali Adamawa ce matattarar shanun ƙasar nan, ga tashar binciken Wakwa a gefen gari, ga ɗakin haɗa rigakafin dabbobi na LANAVET a Bokle kusa da Garwa. Wannan gyara ne da jami'a ce kaɗai za ta iya yin sa. Takardar jami'a kuma tana tafiya: mai ita zai nemi aiki a Njamena ko Yola ko wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a gane ta. Wanda ya raina wannan bai taɓa neman aiki da takardar da ba a san ta ba.

Amma mu a arewa akwai abin da ya shafe mu fiye da sauran ƙasa. Dschang tana kan tsaunukan yamma, tsayin kusan mita 1,400, ruwan samanta yana kusan milimita 1,900 a shekara, daga Maris har Nuwamba. Ƙasar kofi ce da dankalin Turawa da kabeji da ayaba. Marwa kuwa ruwanta bai fi milimita 800 ba, yawancinsa cikin wata huɗu. Injiniyan da ya yi shekara biyar a Dschang yana iya zama gwani, amma gwanin wata ƙasa ne, kuma in aka turo shi Diamare, yankin da Marwa take, sai ya sake zama ɗalibi.

A ɗauki masakwa, dawar rani. Duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Kaele ko Mora a watan Oktoba ya ga aikin. Tun ƙarshen damina an yafa iri a ɗan fili mai rairayi ya tsiro. Da ruwa ya janye daga karal, baƙar ƙasar laka da ke shan ruwa ta riƙe, sai a sare ciyawa a ƙone, ko a fesa mata magani kamar yadda ya yawaita yanzu. Mutum ɗaya yana gaba da doguwar sanda mai kaifin baki, yana ɗaga ta da hannu biyu yana soka ƙasa, rami bayan rami. Na bayansa yana tsiyaya ruwa kaɗan a kowane rami, na uku yana saka dashe biyu da aka datse wa ganye da saiwa. Shi ke nan. Ba ban ruwa, ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya, dawar za ta rayu da laimar da lakar ta ɓoye har a girbe ta a Janairu ko Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe. Manomi yana gane ranar dashe daga yadda fuskar ƙasa ta fara tsagewa da yadda sandar ke shiga. In ya yi gaggawa dashen ya ruɓe, in ya makara ƙasa ta ƙi sanda. Wannan ilimi ne mai zurfi na ƙasa da ruwa, gidaje masu ɗimbin yawa suna ci da shi, kuma ba a koyon sa a zaure. Masana sun yi rubutu a kansa, amma mai ba manomi shawara kan maganin ciyawa ko zaɓen iri dole ya taɓa tsayawa cikin lakar nan da ƙafarsa.

Nan kuma wata matsala take wadda ban cika jin ana ambata ba, ita ce kalanda. Shekarar jami'a tana farawa wajen Oktoba ta ƙare wajen Yuli. Daminarmu kuwa daga Yuni ne zuwa Satumba. Wato lokacin shukar auduga da gero da masara da gyaɗa, ɗalibi yana ɗakin jarrabawa. Lokacin noma da zuba taki da feshi, yana hutu a gida. Ranar da ya dawo an fara girbi. A Dschang, inda ruwa ke sauka tun Maris, zangon karatu na biyu ya faɗa cikin damina, matsalar ba ta fito sosai. A Garwa da Marwa kuwa, makarantar noman da ta bi kalandar jami'a sau da ƙafa za ta iya yaye ɗalibin da bai taɓa bin gona ɗaya daga shuka zuwa girbi a gaban malaminsa ba. Zuwa koyon aiki na 'yan makonni a lokacin hutu yana ragewa, amma bai kai a ce maka ga kadadarka, ga irinka, abin da ka girbe shi ne makinka ba.

An yi ƙoƙarin cike giɓin. Dschang ta buɗe reshe a Marwa, an kuma kafa cibiyar nazarin muhalli a can tare da Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, wadda ta yi aiki sosai kan fadamar Logon. Da aka kafa Jami'ar Marwa aka ba ta babbar cibiyar nazarin Sahel, mai sashen noma da kiwo, abin da ya faranta ran duk mai kishin yankin. A 2017 aka mayar da cibiyar babbar makarantar injiniyoyi. Sashen noma yana nan, malamansa suna aiki, amma a ganina sauyin sunan ya nuna inda iska ke kaɗawa: ko a cikin jami'ar da ke tsakiyar Sahel, noma ya zama ɗaki ɗaya a gidan da aka raɗa wa sunan wani abu.

Wanda ya fi kowa gane darajar matsakaicin malamin gona shi ne Sodecoton, shi ya sa ba ta taɓa sakin nata ba. Tana da ma'aikatanta a ƙauyuka, tana horar da su da kanta, tare da ƙungiyoyin manoman auduga, kuma har masarar da ake juyawa da auduga tana cin albarkacin wannan tsari. To amma mai albasa a bakin kogi, da mai masakwa, da makiyayin da ke neman wanda zai duba masa saniya, ba su da irin wannan uba. Su makarantun ma'aikatu ne ke samar musu da wanda za su kira, kuma waɗannan makarantun ne ake cewa a mayar jami'a.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun bi wata hanya da ta cancanci nazari. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, tashar binciken noma ta Samaru, wadda ta girme ta da shekara arba'in, ta shiga cikinta. Bayan an raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967, makarantun da ke hannun ma'aikatar gona ta Kaduna suka rasa uba ɗaya, sai aka miƙa wa jami'ar su: makarantar noma ta Samaru, ta Kabba, da ta kiwon dabbobi da ke hanyar Mando a Kaduna. Abin da aka yi da kyau shi ne ba a narkar da su cikin tsangayar noma ba. An tara su ƙarƙashin sashe na musamman mai daraktansa, suka ci gaba da ba da difloma da babbar difloma, kowacce a harabarta da gonarta, tsangaya kuma tana ba da digirinta. Fiye da shekara hamsin ke nan suna raye da sunayensu. Ba su tsira daga ƙarancin kuɗin da ya addabi ilimi a can ba, amma ba su ɓace ba.

A Ingila kuwa ga kwalejin Wye, wadda ta fara koyar da noma tun 1894 ta kuma horar da masana da dama daga Afirka. A 2000 aka haɗa ta da Imperial College ta Landan da alkawarin ƙarfafa ta. Cikin 'yan shekaru aka daina karatun noma a wurin, a 2009 aka rufe harabar. Jami'a ce mai kuɗi da suna, ba talauci ne ya sa ba, noma ne bai shiga cikin abin da take auna kanta da shi ba. A Cadi, cibiyar nazarin noma da muhalli da aka kafa a Sarh a 1997 ita ce ta zama Jami'ar Sarh a 2010, da ƙarin tsangayoyi, hanyar da Dschang ta bi ke nan, yayin da tsohuwar makarantar noma ta Ba-Illi ta ci gaba da zama a matakin horar da malaman gona.

Saboda haka abin da nake ganin ya dace da mu shi ne gada, ba haɗiya ba. Damuwar iyaye ita ce takardar da ba ta da gaba, kuma ana iya magance wannan ba tare da an taɓa mallakar makarantun ba. Tun da ƙasar ta koma tsarin digiri mai hawa uku wajen 2007, wanda ake lissafa karatu da maki-maki, babu abin da ya hana jami'o'in Marwa da Garwa da Ngaundere su zauna da ma'aikatar gona da ta kiwo su daidaita manhaja, ta yadda wanda ya gama kwalejin noma ya kuma yi wasu shekaru a bakin aiki zai shiga jami'a a aji biyu ko uku, ba ya koma farko ba. Irin wannan ɗalibi alheri ne ga ajin da ya shiga, domin shi ne zai ɗaga hannu ya ce, Malam, abin nan ba haka yake a karal ba. Malaman jami'a su riƙa zuwa koyarwa a makarantun, ɗaliban jami'a su riƙa zuwa gonakinsu, masu binciken IRAD na Marwa da Garwa da Wakwa su riƙa duba ayyukan ɗalibai na ƙarshe. Shirin gyara koyar da sana'ar noma da kiwo da aka fara a 2008 da kuɗin yafe bashin Faransa ya riga ya nuna cewa makarantun ma'aikatu suna farfaɗowa in aka ba su kayan aiki aka kuma sa ɗalibi ya raba lokacinsa tsakanin aji da gonar manomi. Rushe wannan domin a samu sabon allo a bakin ƙofa ba dabara ba ce.

In kuma masu iko sun ga lallai sai an haɗa, to a rubuta sharuɗɗan cikin dokar haɗin kanta, kada a bar su ga kirkin shugaban jami'a na lokacin, domin shugabanni suna sauyawa. Kuɗin makarantar su zo da sunanta, abin da gonarta ta sayar ya koma gonar. A bar ƙofar masu ƙaramar takarda a buɗe. A ba malamin aikin hannu matakin girma nasa wanda ba ya bukatar digirin digirgir. A ba ta izinin yin kalandarta, ɗalibai su kasance a makaranta daga Yuni zuwa ƙarshen dashen masakwa, su yi hutunsu a Maris da Afrilu lokacin da zafi ke hana kowa sakat. A kuma sa cikin jarrabawar fita cewa ɗalibi zai tsaya gaban manoma ya yi musu bayanin aikinsa da Fulatanci ko Hausa ko wani harshen yankin, su yi masa tambayoyi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fili. Garwa da Marwa suna faɗaɗa kowace shekara, gonakin da dā suke bayan gari yanzu unguwanni sun kewaye su, sabuwar jami'a kuma babu abin da take nema ido rufe kamar wurin gina zauruka da ɗakunan kwanan ɗalibai. Gonar makarantar noma, a idon mai zanen gini, fili ne da ba kowa a kai. Kasafin kuɗi in ya lalace bana ana iya gyara shi baɗi, kalanda ma ana iya sauya ta da takarda ɗaya, amma gonar da aka zuba wa kankare ta tafi ke nan. Kafin kowa ya sa hannu a kan wata yarjejeniya, tsofaffin ɗaliban makarantun nan da ƙungiyoyin manoma da sarakunan da kakanninsu suka ba da filayen su nemi a fito da takardar mallakar kowace gona, a sake auna iyakokinta, a kafa duwatsu, a kuma rubuta cewa ba za a gina komai a kanta ba sai abin da aikin gona ke bukata.